Rigakafi Ya Fi Magani: Don Bosco da Tarbiyyar Yara a Makarantun Katolika

Ran 8 ga watan Disamba na shekarar 1841, da sassafe, wani matashin limamin Katolika yana ɗakin shiri na cocin Francis na Assisi a birnin Turin, can arewacin Italiya, yana sa tufafin sujada, sai ya ji hayaniya a bayansa. Ashe mai kula da cocin ne ya tarar da wani yaro ɗan shekara 16 a raɓe, ya ce masa ya zo ya taimaka wa limami wajen hidima. Yaron ya ce bai iya ba. Mutumin ya fusata, ya rarumi sandar kakkaɓe ƙura ya hau shi da duka, har ya fatattake shi waje. Limamin ya tsawata masa, ya ce a komo da yaron domin abokinsa ne, alhali kuwa bai taɓa ganinsa ba. Da aka idar da sujada sai ya zaunar da shi ya yi ta tambayarsa. Sunansa Bartolomeo Garelli, lebura ne wajen magina, ba uwa ba uba, bai iya karatu ba balle rubutu, kuma kunya ta hana shi zuwa ajin koyon addini, domin ƙananan yara sun fi shi sani. Nan take limamin ya fara koya masa. Da Lahadi ta zagayo, yaron ya komo tare da waɗansu 'yan'uwansa leburori.

Wannan limami shi ne Giovanni Bosco, wanda duniya ta sani da sunan Don Bosco. Kalmar "Don" a nan laƙabi ne da Italiyawa ke yi wa limaman coci. Shi da kansa ya rubuta wannan labari bayan ya manyanta, kuma waɗansu masana tarihi suna ganin mai yiwuwa ya tattara labarin yara da dama ne ya ɗora wa mutum ɗaya. Ko ma dai yaya ne, labarin ya ƙunshi tambayar da ta dami malamai da iyaye tun zamanin da, watau ta wace hanya za a dasa wa yaro addini da halin kirki, da sanda ne ko kuwa da jawo shi a jika? Amsar da Don Bosco ya bayar ta bar tasiri mai zurfi a makarantun Katolika.

Ba shi ne ya ƙago makarantun talakawa a cikin Cocin Katolika ba. Tun bayan babban taron Trent, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563, cocin ya ɗaura ɗamarar koya wa yara addini. A 1566 aka fitar da katikizim na Roma, watau littafin da ya tsara shika-shikan addini domin limamai su koyar. A birnin Milan, Babban Bishop Carlo Borromeo ya yawaita azuzuwan ranar Lahadi. A 1597 Joseph Calasanz ya buɗe makarantar kyauta domin 'ya'yan talakawa a Roma. A Faransa kuwa, wajen 1680, Jean-Baptiste de La Salle ya kafa ƙungiyar malamai waɗanda suka riƙa koyar da yara aji-aji, da harshen Faransanci maimakon Latin. Amma duk da wannan ƙoƙari, a yawancin makarantun Turai, na coci da na gwamnati, bulala ita ce abokiyar aikin malami, kuma haddar tambaya da amsa ita ce ma'aunin sanin addini.

An haifi Giovanni Bosco ran 16 ga Agusta, 1815, a wani ɗan ƙauye da ake kira Becchi, cikin ƙasar Piedmont. Bai cika shekara biyu ba mahaifinsa ya rasu, ya bar mahaifiyarsa Margherita da ɗawainiyar yara uku da surukarta, ga kuma yunwa a ƙasa. Margherita ba ta yi makaranta ba, amma ta haddace addu'o'i da labaran Littafi Mai Tsarki, ita ce ta fara koya wa 'ya'yanta. Wansa Antonio, wanda suke uba ɗaya, ya ƙi jinin ya ga ƙanensa da littafi, yana ganin gona ce ta fi bukatarsa, har ta kai yaron ya bar gida ya tafi ƙwadago a gonar waɗansu mutane. Tun yana ƙarami ya koyi tafiya bisa igiya da wasannin dabo daga masu wasa a kasuwa. Yakan tara yara ya yi musu wasa, ladan kallo kuwa shi ne su yi addu'a tare, su kuma saurari wa'azin da ya ji a coci. Sa'ad da ya sami shiga makaranta a garin Chieri, da aikin hannunsa ya riƙa ciyar da kansa, ya taɓa ɗinki, ya taɓa dukanci da ƙira, ya yi aiki a gidan shan kofi. A 1835 ya shiga makarantar horar da limamai, aka naɗa shi limami ran 5 ga Yuni, 1841.

Turin na wancan zamani birni ne mai bunƙasa, ana ta gine-gine, masana'antu suna ɓullowa. Yara suna kwararowa daga ƙauyuka da duwatsu domin neman abin kai wa baki, waɗansu magina, waɗansu masu share bututun hayaƙi, waɗansu kuwa sai gararamba. Malaminsa, Giuseppe Cafasso, wanda ya shahara wajen raka waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, shi ne ya riƙa tafiya da shi gidajen kurkuku. Abin da ya gani a can ya girgiza shi. Yara ne 'yan shekara 12 zuwa 18, lafiyayyu masu kaifin basira, suna zaune ba aikin fari ba na baƙi, ƙwarƙwata tana cinsu. Ya kuma lura cewa da yawa sukan fita da niyyar shiryuwa, amma ba a jima sai a komo da su, domin a waje ba wanda ya kula da su. A nan ne ya ƙudura cewa in yaro ya sami aboki mai kula da shi kafin ya faɗa rami, ba sai an sha wahalar tsamo shi ba.

Taron nan nasa na ranar Lahadi shi ake kira Oratorio, watau wurin addu'a, amma wasa da waƙa da karatu duk suna ciki. Shekara biyar ɗin farko sun zama na ƙaura. Duk inda suka sauka sai maƙwabta su kai ƙarar hayaniya a kore su, daga harabar coci zuwa maƙabarta, daga wajen injin niƙa zuwa filin ciyawa. Hukumar birni ta yi zargin ko 'yan tawaye yake tarawa. Waɗansu limamai suka ɗauka ya taɓu, har biyu daga cikinsu suka zo da keken doki domin su kai shi gidan mahaukata da dabara. Bisa ga labarin da ya bayar, sai ya girmama su ya ce su fara shiga, suna shiga ya rufe ƙofa ya ce wa mai keke ya zarce da su inda ake jira. Wata attajira, Giulia di Barolo, wadda yake aiki a gidanta na kula da 'yan mata, ta ba shi zaɓi, ko aikinta da albashinsa, ko yaran titi. Ya zaɓi yaran. Ran Ista ta 1846 ya sami wata rumfa ta haya a unguwar Valdocco, a bayan gari, nan ya kafa sansani da yara kimanin 400. A watan Nuwamba na shekarar nan mahaifiyarsa ta bar ƙauye ta zo ta zauna da shi, ta zama uwar gidan har rasuwarta a 1856. A 1847 suka ba yaro na farko wurin kwana.

Don Bosco ya gane da wuri cewa wa'azi ba ya shiga kunnen mai jin yunwa. Saboda haka ya buɗe makarantar dare, ya kuma riƙa bin yaransa wuraren aikinsu yana ganawa da iyayen gidansu. Har yau akwai takardun yarjejeniya da ya sa wa hannu, kamar wadda aka rubuta a watan Fabrairu na 1852 tsakanin wani kafinta da yaronsa. An sharɗanta a ciki cewa sana'ar kaɗai za a koya wa yaron, ba za a mai da shi baran gida ba, za a yi masa gyara da baki ba da duka ba, za a ba shi hutun Lahadi da ranakun idi, lada kuma zai riƙa ƙaruwa. Da ya ga wuraren aikin waje suna ɓata abin da ya gyara, sai ya kafa nasa a cikin gida. A 1853 aka fara da dukanci da ɗinki, sa'an nan ɗinkin littattafai, da kafinta, da ɗab'i, da ƙira. Masu basirar karatu kuwa aka buɗe musu azuzuwan sakandare. Cikin shekarun 1860 yaran da ke kwana a Valdocco sun kai wajen 800.

Sai a 1877 ya rubuta 'yar ƙaramar maƙala yana bayyana hanyarsa, wadda ya kira tsarin rigakafi. Ya ce hanyoyin tarbiyya iri biyu ne. Ta farko ita ce a sanar da doka, a koma gefe a zuba ido, wanda ya karya a hukunta shi. Mai wannan hanya yakan ɗaure fuska, ya nisanci na ƙasa da shi. Ya ce wannan ta fi sauƙi, kuma ta dace da soja da manya waɗanda hankalinsu ya cika. Ta biyu ita ce a sanar da doka, sa'an nan malami ya zauna cikin yaran kamar uba, yana tunatarwa, yana ba da shawara, har ya zamana hanyar yin laifin ta toshe. Dalilinsa kuwa shi ne, yawancin laifin yaro mantuwa ce da rawar kai, ba mugunta ba. Daɗin daɗawa, duka yana iya kawo shiru a aji, amma da wuya ya gyara zuciya, kuma yaro yakan manta horon iyayensa, amma yakan riƙe na malami har tsufa, wani lokaci da niyyar ramuwa.

Ya ɗora tsarin bisa duwatsun murhu uku, watau hankali, da addini, da ƙauna. Hankali shi ne doka ta zama mai dalili, a kuma fahimtar da yaro dalilin. Ƙauna ita ce malami ya sami zuciyar yaro tukuna, domin in ya same ta, ko kawar da kai ya yi daga gare shi ya isa horo. Ya hana duka kowane iri, da jan kunne, da sa yaro durƙuso mai ciwo, ya ce waɗannan suna harzuƙa yaro, suna kuma zubar da girman malami. Gyara kuwa a keɓe ake yinsa, bayan fushi ya huce. Ya ce a bar yara su yi gudu da tsalle da ihu son ransu, a ba su kiɗa da wasan kwaikwayo da yawon buɗe ido.

Wajen addini, yaran Valdocco suna koyon katikizim, suna halartar sujada kowace safiya, kuma Don Bosco ya rubuta musu littafin addu'o'i da tarihin Littafi Mai Tsarki cikin harshe mai sauƙi. Ya ɗauki furta zunubi ga limami da karɓar jibi mai tsarki a matsayin ginshiƙan gidan, amma ya gargaɗi malamai kada su tilasta wa yaro, sai dai su kwaɗaitar da shi su sauƙaƙe masa hanya. Kowane dare bayan addu'a, shugaban gida yakan yi wa yara 'yar magana ta minti biyu ko uku, yana ɗauko darasi daga abin da ya faru a yinin nan, sa'an nan ya yi musu sai da safe. Wannan al'ada tana nan a makarantun mabiyansa. Ya kuma kafa ƙananan ƙungiyoyi inda yaran kirki ke ɗaukar nauyin baƙi da masu taurin kai. Abin da yake nema, kamar yadda ya sha faɗa, shi ne yaro ya tashi Kirista nagari kuma ɗan ƙasa mai gaskiya.

Domin ya nuna wa yara abin koyi daga cikinsu, ya rubuta tarihin waɗansu almajiransa. Ɗaya shi ne Domenico Savio, ɗan maƙeri, wanda ya zo a 1854 ya rasu a 1857 yana da shekara 14. Yaron ya so ya riƙa azabtar da jikinsa domin neman tsarki, sai Don Bosco ya hana shi, ya ce ibadarsa ita ce fara'a, da kyautata karatu, da taimakon abokai. Cocin ya sa shi cikin tsarkaka a 1954. Wani kuma shi ne Michele Magone, shugaban 'yan tasha a garin Carmagnola, wanda ya shiryu a Valdocco ya rasu a 1859. An ga amfanin wannan tarbiyya a 1854, sa'ad da annobar kwalara ta kashe mutum fiye da 1,000 a Turin. Mutane suna gudun 'yan'uwansu, amma manyan yaran Don Bosco suka fita jinyar marasa lafiya, kuma ba wanda ya mutu a cikinsu.

Duk wannan ya faru ne a lokacin da gwamnatin Piedmont ke takun saƙa da coci. A 1855 aka yi dokar rushe ƙungiyoyin addini da dama da ƙwace dukiyarsu. Abin mamaki, ministan da ya jagoranci dokar, Urbano Rattazzi, shi ne ya ba Don Bosco shawara ya kafa ƙungiyar da 'ya'yanta za su riƙe haƙƙinsu na 'yan ƙasa, yadda doka ba za ta taɓa ta ba. Ran 18 ga Disamba, 1859, aka kafa ƙungiyar Salesiya, wadda ta ci sunan Francis de Sales, bishop ɗin Geneva da ya shahara da sanyin hali. Yawancin 'ya'yanta na farko yaran gidan ne da suka girma. A 1872, tare da Maria Mazzarello, ya kafa reshen mata domin tarbiyyar 'yan mata. A 1875 aka buɗe gida a Nice ta Faransa, aka kuma tura ayari na farko zuwa Ajantina.

Ba kowa ya yarda da shi ba. Babban Bishop na Turin, Lorenzo Gastaldi, yana ganin matasan da Don Bosco ke sa wa rigar limanci ba su sami isasshen horo ba, suna ɓata lokacinsu a filin wasa. Rigimarsu ta ɗauki shekaru, sai da Fafaroma Leo na 13 ya sa baki a 1882. Masu nazari na baya kuma sun ce sa ido dare da rana yana iya hana yaro koyon riƙe kansa, domin wanda bai taɓa samun damar yin laifi ba, ba a san ƙarfin halinsa ba sai ran da ya fita. Waɗansu sun soki yawan ambaton mutuwa da azaba a wa'azinsa, abin da ya zama ruwan dare a zamaninsa.

Shi kansa ya ga tsarin yana sanyi tun yana da rai. A wata wasiƙa da aka aiko daga Roma da sunansa ran 10 ga Mayu, 1884, ya koka cewa gidan ya girma amma zumunci ya ragu. Malamai sun daina shiga wasa da yara, suna tsaye gefe suna hira da juna, yara kuma sun koma jin tsoronsu. Ya ce bai isa malami ya ƙaunaci yara a zuci ba, sai yaran sun gane ana ƙaunarsu, hanyar kuwa ita ce malami ya so abin da suke so, sa'an nan su ma za su so abin da yake so. Ya rasu ran 31 ga Janairu, 1888, ya bar mabiya fiye da 700. Fafaroma Pius na 11 ya sa shi cikin tsarkaka a 1934.

Bayan rasuwarsa aikin ya bazu. 'Yan Salesiya sun isa Aljeriya a 1891, Masar da Afirka ta Kudu a 1896, Kwango a 1911. Sun shiga Nijeriya a 1982, Gana kuma a 1986, inda daga baya suka kafa makarantar koyon sana'a a Ashaiman kusa da Tema. A yau suna aiki a ƙasashe fiye da 130. A wurare kamar Iskandariyya ta Masar da Kenitra ta Maroko, ɗalibansu da yawa Musulmi ne, waɗanda iyayensu suka kawo domin sana'a da tarbiyya. Marigayi Fafaroma Francis ma ya yi shekarar 1949 a makarantarsu ta kwana kusa da Buenos Aires. Babban taron Vatican na biyu, cikin sanarwarsa ta 1965 game da ilmi, ya tabbatar da cewa iyaye su ne malaman farko, makarantar Katolika kuwa aikinta ta samar da zaman 'yanci da ƙauna inda yaro zai girma, ya kuma yaba wa makarantun da ke karɓar yaran da ba Katolika ba.

Sai dai tarihi yana da wani shafi mai ɗaci. Rahoton hukumar bincike ta ƙasar Ailan na 2009, da na hukumar Ostareliya na 2017, sun tona yadda aka yi shekaru ana dukan yara da cin zarafinsu a makarantu da gidajen marayu, da yawansu na ƙungiyoyin Katolika, shugabanni kuma suna rufa asiri. A Ostareliya kotu ta ɗaure waɗansu limaman Salesiya kan irin wannan laifi. Kusancin nan da Don Bosco ya mai da shi maganin ɓarna, shi ne mugaye suka mayar tarko. Wannan ya sa makarantun Katolika a ƙasashe da dama suka kafa ƙa'idodin kare yara, na tantance malamai, da hana keɓewa da yaro a inda ba mai gani, da kai rahoto ga hukuma.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji masu iya magana, kuma Don Bosco bai yi musun wannan ba. Abin da ya ƙara shi ne, hannun da ke tanƙwarawa in ya yi ƙarfi sai iccen ya karye, in kuma ya janye sai ya tashi a karkace. Ya bar littafin dokoki, ya bar gine-gine da ɗakunan sana'a, amma wasiƙarsa ta 1884 ta nuna ya san cewa waɗannan ba su isa ba. Tsarin rigakafi yana tsayawa ne bisa malamin da ya yarda ya bar inuwar ofis ya shiga rana tare da yara, wanda kuma shi kansa ya cancanci amanar da aka danƙa masa.